Darasin Wannan Wata: Yadda Ƙarshen Damina Yake Zuwa a Ƙasarmu

Darasinmu na wannan wata a kan ruwan sama yake. Za mu duba makonnin da suka rage, daga watan Agusta zuwa farkon Oktoba. Muna magana ne musamman da mutanen Jangeru, da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda. A karanta sannu a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Kowane manomi ya san farkon damina yana da wuya. A yi shuka, ruwa ya tsaya, a sake shuka. To amma ƙarshen damina shi ne yake yanke hukunci. A lokacin ne gero yake nuna. A lokacin ne dawa take ɗaukar ciki, wake yake fure, gyaɗa take cika. Wahalar wata uku tana iya zama hatsi a rumbu cikin waɗannan makonni. Tana kuma iya zama kara kawai.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Iska biyu ce take mulkin shekararmu. Ɗaya tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika. Wannan iska tana ɗauke da danshi. Ɗayar tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Ita busasshiya ce, ita ce take kawo mana hunturu da ƙura.

Waɗannan iska biyu suna da iyaka inda suke haɗuwa. Iyakar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da bazara takan taso daga kudu tana matsowa arewa. Idan ta wuce mu, sai iskar teku ta rufe ƙasarmu, damina ta sauka. A watan Agusta iyakar takan kai can cikin ƙasar Nijar, har gaba da Agadas. Lokacin nan danshi ya yi kauri a kanmu. Shi ya sa Agusta ya fi kowane wata ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara a watan nan yake sauka.

Daga Satumba sai iyakar ta fara komawa kudu. Mu da muke arewa mu ne muke fara rasa ruwan. Saboda haka ruwa yakan ɗauke a Shinkafi da Zurmi kafin ya ɗauke a Gusau. Yakan ɗauke a Gusau kafin ya ɗauke a Zariya. A yawancin shekaru, ruwan ƙasarmu yana ƙarewa tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba.

Wani zai ce, in danshi daga yamma yake zuwa, don me hadari yake tasowa daga gabas? Tambaya ce mai kyau. Iskar da take ƙasa-ƙasa, wadda muke ji a jikinmu, ita ce ta teku. Amma can sama, inda gizagizai suke, akwai wata iska mai ƙarfi da take tafiya daga gabas zuwa yamma. Ita ce take tura hadari. Hadarin da ya haɗu a wajen Damagaram ko Katsina da la'asar yana iya iso mana da dare. Manoma sun daɗe da sanin wannan. Masana sun auna, sun ga haka abin yake.

Tudu da dutse da gulbi

Ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗa ba ce ko'ina. Akwai duwatsu, irin Dutsen Kwatarkwashi da kowa ya sani a kan hanyar Gusau. Akwai tuddai, akwai jigawa, akwai kwari, akwai fadama. Ruwa ɗaya yake sauka, amma kowane wuri da yadda yake karɓarsa.

Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi. Tudun da aka sare itatuwansa shi ma kusan haka yake. Ruwan yakan taru a ƙorama, ƙorama ta kai shi gulbi. Muna da manyan gulabe biyu. Akwai Gagare wanda ya bi ta Ƙauran Namoda. Akwai Bunsuru wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta wajen Zurmi. Duka biyun sun gangara ta ƙasar Shinkafi, ruwansu yana zuba cikin Gulbin Rima. Rima kuwa shi ne aka datse a Goronyo a shekarar 1984.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe a nan. Gulbi yana iya cika ko da ba a yi ruwa a garinku ba. Ruwan da aka yi a sama, can nesa, shi ne yake isowa bayan wasu sa'o'i ko bayan kwana ɗaya. Mutum yakan haye gulbi da safe ruwa iya ƙauri. Ya dawo da yamma ya tarar ya kai ƙirji, alhali rana aka wuni ana yi. Yara da mata masu zuwa wanki a bakin gulbi su ne suka fi shiga wannan haɗari. A gaya musu.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Yuli na 2018, an yi ruwa mai ƙarfi cikin dare a Jibiya ta Jihar Katsina. Ruwa ya shiga gari mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu. A watan Satumba na 2010, Rima ya yi ambaliya daga Goronyo har Sakkwato, ya ci gonaki da ƙauyuka. A damina ta 2024, ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Gummi, nan cikin Zamfara. A watan Satumba na 2024 kuma, jirgin ruwa ɗauke da manoma ya kife a can Gummi, aka yi hasarar rayuka da dama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Dattawa sukan ce ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Suna da gaskiya. A 2017 wasu masana sun bayyana abin da suka gano daga hotunan tauraron ɗan'adam. Sun ce manyan hadarai masu zubar da ruwa da yawa lokaci ɗaya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ma'anar wannan ita ce, ruwan da ake samu a da cikin mako guda, yanzu yana iya sauka a dare ɗaya. Bayan haka kuma a yi kwanaki ba ko ɗigo.

Masu hasashen yanayi

Gwamnatin Tarayya tana da hukumar kula da yanayi. Ana kiranta NiMet. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina. Takan faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowace ƙaramar hukuma, da lokacin da zai ɗauke, da yawansa. Bayan haka tana ba da hasashen kwana uku-uku, wanda ake karantawa a rediyo. Akwai wata hukuma kuma mai suna NIHSA, wadda aikinta duba gulabe da faɗin wuraren da ake tsoron ambaliya. A Yamai, babban birnin Nijar, akwai cibiyar AGRHYMET. An kafa ta a 1974, bayan babban farin da ya kashe dabbobi da amfanin gona a 1973. Ita tana duba damina ta ƙasashen Afirka ta Yamma gaba ɗaya.

Wasu mutane suna ƙyamar wannan aiki. Sukan ce ai duba ne, ko da'awar sanin gaibu. A'a, ba haka ba ne. Idan ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya, zafi ya yi yawa, kakan ce wa iyali su kwashe shanya. Ba duba ka yi ba. Alama ka gani, ka yi aiki da hankali. Su ma alama suke dubawa. Bambancin kawai shi ne, idonsu ya fi namu kaiwa nesa. Suna da na'urorin auna zafi da iska da danshi. Suna da hoton gizagizai daga sama. Suna ganin hadari tun yana ƙasar Cadi. Har zafin ruwan teku suna aunawa, domin idan Tekun Fasifik ya ɗumama fiye da yadda aka saba, sau da yawa ruwa yakan ragu a ƙasashenmu.

Kuma sukan yi kuskure. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shi ya sa ba sa cewa lalle za a yi ruwa. Cewa suke yi ana sa ran ruwa. Idan ka ji an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, ga ma'anarsa. A cikin ranaku goma masu irin wannan alama, akan yi ruwa a bakwai, ba a yi a uku. Idan ba a yi ba, ba ƙarya suka yi ba, an faɗa cikin ukun ne. Kuma idan an ce za a yi ruwa a arewacin Zamfara, yana iya sauka a Moriki ya tsallake Badarawa. Hadari ba ya bin iyakar ƙaramar hukuma.

Ga wasu kalmomi da za ku riƙa ji. Idan an ce ruwa matsakaici, ana nufin gwargwadon abin da aka saba samu a wurin. Idan an ce sama da yadda aka saba, a shirya wa ambaliya. Idan an ce tsayawar ruwa, ana nufin kwanaki a jere ba ruwa a tsakiyar damina. Idan an ce ruwa zai ɗauke da wuri, to a sake duba abin da ake niyyar shukawa.

Mu ma muna da namu lissafin tun kaka da kakanni. Malaman hisabi suna raba shekara zuwa taurari 28. Kowane tauraro yana da kwana 13, sai Jabha mai kwana 14. In ka haɗa, za ka sami kwana 365. Taurarin ƙarshen damina su ne Ɗarfa da Jabha da Harsan. Daga nan Sarfa ta shigo da kaka. Wannan lissafi yana da amfani, domin da rana yake tafiya, ba ya zagayawa kamar watannin Musulunci. Yana gaya maka inda shekara ta kai. Abin da ba ya gaya maka shi ne ko za a yi ruwa jibi. A riƙe duka biyun.

Rediyo ita ce abokiyar manomi a nan. A saurari labarun yanayi a gidan rediyon jiha da na Kaduna. Mai wayar hannu yana iya samun labari ta waya. Amma kada a yar da rediyo. Mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, daidai lokacin kaka. Wanda ya ji labarin ruwa mai ƙarfi ya faɗa a masallaci da majalisa. Ranar Alhamis, masu zuwa kasuwar Shinkafi su tambayi mutanen da suka fito daga sama yadda gulbi yake a wajensu.

Fuska ta farko: marka

Ƙarshen damina yana zuwa da fuska uku. Wata shekara a ga ɗaya. Wata shekara a ga duka ukun.

Ta farko ita ce marka, wadda mu a nan muke ce wa malka. Ruwa ne na yayyafi da tsayawa, a wuni ana yi, a kwana ana yi. Rana ba ta fitowa sosai. Ƙasa ta ƙoshi, ba ta iya shan ƙari. Shinkafar fadama tana murna. Amma gero ba ya son ƙafarsa cikin ruwa, haka ma wake da gyaɗa. Idan ruwa ya kwanta a kwarin kunya kwana biyu ko uku, ganye yakan yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe. A ɗauki fartanya a buɗe masa hanya ya fita. Amma a lura kada a juya shi cikin gonar maƙwabci. Rigimar ruwa tsakanin maƙwabta ta sha kai mutane gaban mai gari.

A lokacin marka ba a watsa takin zamani a bar shi a fili. Ruwa zai wanke shi ya kai gulbi, kuɗinka ya tafi Goronyo. A tona rami kaɗan kusa da gindin shuka, a zuba, a rufe. Haka maganin feshi. Idan ka yi feshi ruwa ya sauka nan take, aikin banza ka yi. A jira safiyar da gari ya washe. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya wanke jiki da sabulu bayan ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai a cikin galan ɗin magani.

Sai maganar gida, wadda ta fi ta gona nauyi. Ginin ƙasa yana shan ruwa a hankali, daga sama da kuma daga gindi. Ba ya faɗuwa ranar da aka fara ruwa. Sai ya jiƙe sarai, sa'an nan ya zo ƙasa gaba ɗaya, kuma sau da yawa cikin dare. Kowane mai gida ya zagaya gidansa yau. A dubi indararo, ko ya toshe. A dubi soro, ko ruwa yana kwanciya a kai. A dubi gindin bango, ko ya yi danshi ya fara zubewa. Idan bango ya tsage, ko ƙasa tana zubowa daga azara, kada kowa ya kwana a ɗakin. Gara a takura a ɗaki ɗaya, ko a kwana wajen 'yan'uwa. A share magudanar ruwa ta ƙofar gida da ta unguwa. Leda da shara su ne suke toshe ta. Wannan aikin gayya ne, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Wanda gidansa yake bakin gulbi ko cikin kwari ya san inda zai kai iyalinsa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sa katin shaida da takardun gona da na makarantar yara cikin leda, a rataye sama. A ɗaga hatsi daga ƙasa.

Ruwa mai gudu ya fi ƙarfin da ake zato. Wanda bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai cinya yana iya jan mota. Kada mai babur ya ce ai ya saba da mashigin. Ruwa yakan haƙe rami a inda jiya babu. Kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima, ko da za a makara zuwa gona. Kada a haye da dare.

Fuska ta biyu: ruwa ya tsaya

Wata shekara kuma, ana tsakiyar Agusta sai sama ta washe. A yi kwana 10, a yi 15, ba ruwa. Wannan ya fi ciwo idan ya zo daidai lokacin da gero yake fitar da kai, ko masara take goyo. Shuka tana jure ƙishi tana ƙarama. Ba ta jurewa lokacin fure. Gonar jigawa da ta gefen tudu su ne suke fara nuna alama, ganye ya nannaɗe tun da hantsi.

Manomi ba ya iya saukar da ruwa, sai roƙo. Amma yana iya riƙe wanda ya riga ya sauka. A cire ciyawa, domin ita ma shan ruwa take yi. A tuge ƙuduji kafin ya yi fure ya zubar da iri. Kada a sa takin zamani a busasshiyar ƙasa, zai ƙone shuka. A gonar gangare, a ja kunya a gicciye, kada a bi gangaren da ita. A ɗaure kwarin kunya da ƙasa nan da can, ruwa ya tsaya ya nutse.

Mu da muke da duwatsu muna da wata dama. A jera duwatsu a layi a gicciyen gangare. Ruwa zai rage gudu, ƙasa mai kyau ta tsaya a bayan layin. A dasa gamba a bakin zaizaya, saiwarta tana riƙe ƙasa, kuma a sami abin yin zana. Manoman ƙasar Tawa a Nijar sun farfaɗo da faƙo mai yawa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, suna zuba taki a ciki. Na ƙasar Maraɗi kuma, tun wajen 1984, suka koma barin itatuwa suna tsirowa a gona maimakon sassabe su duka. Ba mutanen wata duniya ba ne. Maƙwabtanmu ne, ruwansu ma bai kai namu ba.

Fuska ta uku: ruwa ya ɗauke da wuri

Wannan ita ce take kama mai dawa da maiwa da mai shukar baya. Gero ya riga ya tsira. Dawa kuwa tana bukatar danshi har cikin Oktoba. A nan ilmin lissafi da muke koya a aji yake da amfani. Bari mu gwada.

A ce kana da irin wake mai nuna cikin kwana 60. Ka shuka ranar 1 ga Agusta. Ƙirga kwana 60, za ka sauka a 30 ga Satumba. Wannan ya yi daidai, ruwa yana nan ko bai daɗe da ɗaukewa ba. To a ce ka yi jinkiri sai 20 ga Agusta. Daga 20 zuwa 31 ga Agusta kwana 11 ne. Satumba kwana 30, ya zama 41. Saura 19. Ke nan wakenka ba zai nuna ba sai 19 ga Oktoba. A ƙasa mai laka, danshin da ya rage yana iya kai shi. A jigawa, abin da wuya. Ƙila ka tashi da harawa kawai. Harawa ma kuɗi ce, amma gara ka san abin da kake nema tun kafin ka zuba iri.

Saboda haka, duk wanda zai sayi iri ya tambayi kwana nawa yake yi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren wake da gyaɗa masu saurin nuna. Na wake sunansu yana farawa da SAMPEA, na gyaɗa da SAMNUT. Akwai kuma geron SOSAT da mutane da yawa suka sani. A tambayi malamin gona wanda ya dace da ƙasarku. Wannan magana ta ƙara muhimmanci yanzu, domin rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Ɗan abin da aka noma kusa da gari shi ne abin dogaro, bai kamata a yi caca da shi ba.

Akwai alamun da suke nuna damina ta kusa sallama. Hadari yakan zo da iska da tsawa mai yawa, amma ruwa kaɗan. Raɓa takan yi yawa da safe. Zafi yakan dawo, irin na agajiri. Shamuwa, wadda ta zo mana da damina, takan kama hanyar kudu. Iskar waɗannan hadarai na ƙarshe ita ce take kwantar da dawa, take kware rufin kwano. A yi wa dawa huɗa tun da wuri, a ƙara ƙusa a rufi.

Game da tsawa, ga wata dabara. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali har ka ji ƙara. Kowane daƙiƙa uku, nisan kilomita ɗaya ne. In ƙarar ta biyo baya nan da nan, hadarin yana kanka. Kada ka fake ƙarƙashin itacen da yake tsaye shi kaɗai a gona. Kada ka tsaya a kan dutse ko tudu. Ajiye fartanya, fita daga ruwa, nemi ɗaki. A gaya wa yara masu kiwo.

Girbi da shanya

Ruwan Satumba yana samun gero a yashe. Kada a bar zangarniya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ɗora a kan kara ko a kan dutse, inda iska take shiga. Kada a kai rumbu sai ta bushe sarai. Gyaɗa ta fi kowa son kulawa. Idan an tara ta da danshi, takan yi fumfuna. Wannan fumfuna yana da dafi mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A kife gyaɗa 'ya'yan suna kallon rana. A tsince wadda ta ruɓe a zubar, kada a ba yara, kada a ba dabba. Wake kuma, in ya bushe, a zuba shi a buhu mai ninki uku a ɗaure bakinsa tam. Ƙwari za su mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Lafiyar iyali

Sauro yana ƙyanƙyasa a ruwan da ya kwanta. Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona. A kwana cikin gidan sauro, musamman yara da masu juna biyu. Idan ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafi na wata-wata don yara 'yan ƙasa da shekara 5, a karɓa, a ba su har kwana ukun su cika. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti ranar, kada a jira.

Ambaliya tana wanke bayan gida ta kai rijiya. Daga nan amai da gudawa suke tasowa, kamar yadda aka gani a Zamfara da wasu jihohi a 2021. A tafasa ruwan sha. A ɗaga bakin rijiya, a rufe ta. Idan gudawa ta kama mutum, a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya. A zuba sukari ƙaramin cokali shida, ba tozo. A zuba gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Aikin gida: mu auna ruwa da kanmu

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita ita ce ƙaramar tsaga a jikin rula. Goma daga cikinsu su ne santimita ɗaya. A arewacin Zamfara akan sami tsakanin milimita 600 da 900 a shekara. Wajen Ƙauran Namoda ya fi samu, yana raguwa in an nufi arewa.

Kada ku raina milimita. Idan milimita ɗaya ta sauka a gona mai hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi, ruwan ya kai lita 10,000. Wannan duro 50 ke nan, irin mai cin lita 200. Ruwan milimita 30 a dare ɗaya duro 1,500 ne a kan wannan gona. Yanzu ka ga dalilin da ƙasa take tafiya idan ba abin da ya tare ta. Ko rufin kwano mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 zai tara duro uku a wannan dare.

A nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. A yanke murfin gaba ɗaya. A kafa turke a fili, nesa da bango da itace. A ɗaure gwangwanin a kai, ya zauna daidai, inda awaki da yara ba za su taɓa ba. Kowace safiya, wajen ƙarfe 7, a tsoma siririn tsinke har ƙasa. A fitar, a gwada inda ya jiƙe da rula. A rubuta kwanan wata da yawan milimita a littafi, sa'an nan a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0.

Ga misali. Litinin 12, Laraba 35, Asabar 8. Ruwan wannan mako milimita 55 ne. To duro nawa ke nan a hekta ɗaya? A lissafa a kawo amsa aji.

Kowane aji ya sami gwangwani ɗaya da littafi ɗaya. A ci gaba da rubutawa har ranar ruwan ƙarshe, a ja layi a ƙarƙashin wannan rana. Malamin aji ya adana littafin. Ajin Jangeru su gwada nasu da na Galadi da na Katuru, a ga inda ruwa ya fara ɗaukewa bana.